Tsingaron Tudun Ƙaya

Duk wanda ya taɓa shan ruwan randar Saude ba sai an gaya masa ko wace ce ita ba. Daga Bungudu har Gusau, har can Tsafe inda motoci ke yada zango, idan aka miƙo maka moɗa ka kurɓa ka ji sanyi ya ratsa haƙora, tambaya kawai, za a ce maka ginin Saude ne. Ita ma ta san haka, kuma ba ta taɓa yin kamar ba ta sani ba. In mai saye ya tsaya yana ƙwanƙwasa randa yana neman aibu, sai ta bar shi ya gaji don kansa, sannan ta nuna masa hanyar bakin titi, ta ce can ake sayar da na roba.

Haifaffiyar wani ƙauye ce a ƙasar Tsafe, can bayan Kucheri. Aure ya kawo ta Bungudu tana da shekara goma sha takwas, gidan wani manomi Mahadi, a wata unguwa da ke kusa da gulbi. A lokacin ko kasko ba ta iya ginawa ba. Uwar mijinta, Inna Tambaya, ita ce maginiyar unguwar, mace mai ƙarancin magana da yawan kallo. Shekara bakwai Saude tana kwaɓa mata yumɓu, tana ɗebo kara da busasshen kashin shanu daga rugar Fulani don gashi, tana koyon ɗaga wuyan tulu. Hannunta ya faɗa, ginin nata ya yi kyau a ido. Amma duk randar da ta gina ita kaɗai sai wuta ta tsaga ta, ta tsohuwa kuwa ta fito tana amo kamar ƙarfe. Saude ta sha kuka a bayan ɗaki kan wannan, don mace ce da ba ta son a fi ta.

A shekara ta takwas gwiwoyin Inna Tambaya suka fara ƙi. Wata safiya ta ce da Saude ta ɗauko igiya da gatari su je itace. Suka ƙetare gulbi suka yi yamma, lokacin rani ne ruwa bai wuce ƙauri ba, suka ratsa fadama har suka isa wani tudu da ƙaya ta rufe. Tudun Ƙaya ake ce masa. Ba a nomansa, makiyaya ma kewaye shi suke yi, don an daɗe ana cewa akwai iskoki a wurin. Tsohuwa ta durƙusa ta tona ƙasa da hannu, sai ga fasassun tukwane baƙaƙe, kaurinsu ya kai tafin hannu.

Kowane magini ya san ana daka tsingaro, wato ɓaraguzan tukwanen da suka fashe, a tankaɗe a zuba cikin yumɓu don kada wuta ta tsaga gini. Wannan ba asiri ba ne. Asirin shi ne wane tsingaro. Sauran magina na dakan tukwanen bara da bara waccan. Inna Tambaya kuwa na wannan tudu take dakawa, wanda ya sha wuta tun ba a san ranar ba, ya kuma kwanta cikin ƙasa har ya bushe ƙayau. Shi ke sa randa ta jure gashi, shi ke sa ta yi gumi ta sanyaya ruwa.

«Wanga wuri ba a hwaɗa ma ɗiya shi,» in ji tsohuwa. «Ɗiya ta wani gida ta, da shi za ta tahi. Matad ɗa aka nuna ma, ita ma sai ta yi haƙuri.»

Haka ita ma ta karɓa daga uwar mijinta, haka Saude ta riƙe. Shekara arba'in tana zuwa itace Tudun Ƙaya, tsingaro a ƙasan kwando, ƙirare a sama. Zancen iskoki kuwa ba ta taɓa ƙaryata shi ba. In ma an tayar da shi a gidan suna, takan gyaɗa kai ta ce lallai ita ma ta taɓa jin motsi. Ta aurar da 'ya'ya mata uku, ko ɗaya ba ta san hanyar tudun ba. Mahadi ya rasu bai san abin da ke ƙarƙashin ƙiraren da yake gani ana shigowa da su gidansa ba. Matar ɗanta Bashiru, wato Hussaina, sai da ta yi shekara biyar tana kwaɓa yumɓu kafin Saude ta ce da ita ta ɗauko igiya da gatari.

Wanda ya yi shekara arba'in yana juya fasassun tukwane a hannu dole ya iya karanta su. Saude ta daɗe da lura cewa a duk tudun nan babu tsingaron ƙaramar tukunyar miya, babu na kaskon turare, babu na tandar waina. Manyan randuna ne kawai, irin waɗanda mutum zai shiga ciki ya tsuguna, sai tukwanen da za su ci tuwon mutum talatin. Ta yanke wa kanta cewa ko su wane ne suka zauna a nan, babu mace a cikinsu, kuma sun tara ruwa kamar masu tsoron a hana su zuwa gulbi. Daga nan ba ta ƙara ba. Ita tsingaro ya kawo ta, ba labarin mutanen da ba.

A ranin da ya wuce ne baƙi suka sauka a Bungudu da farar mota da shebur da igiyoyin awo. Masu binciken kayan tarihi ne daga wata jami'a, shugabarsu wata mace Malama Hauwa'u, 'yar Gusau, da mataimakinta Malam Khalid. A faɗarsu, sun ga wani tsohon rubutu da ke cewa kusan shekara ɗari biyar da suka wuce an gina wata ganuwa ta tsaro a gabas da gulbi, daidai maƙetara, aka girke manyan bindigogi irin na igwa a cikinta don tare mahara kada su ƙetaro. Ganuwar ta ɓata, ba wanda ya san inda take. Mako uku suna haƙa a gabashin gulbi, ramuka har goma sha ɗaya, ba su samu komai ba sai yashi da wani tsohon takalmin roba. Mutanen gari suka riƙa zuwa kallo da yamma kamar ana dambe.

Saude ta ji labari a bakin masu sayen tulu, ta yi dariya a ranta. Ta san abin da takardarsu ba ta sani ba. Yumɓun da take ɗiba yana kwance ne a wani dogon siririn kwari da ya lanƙwasa ta yammacin Tudun Ƙaya, kuma yumɓu irin wannan ba ya kwanciya sai inda ruwa ya daɗe yana bi. Gulbi ta can yake bi a da, daga baya ya sake hanya ya koma ɗaya gefen. Takarda ba ta yi ƙarya ba, tudun a gabas da gulbi yake sa'ad da aka rubuta ta. Su ne dai suka zo suna auna gabas daga gulbin yau.

Da haƙa ta ƙi, Malama Hauwa'u ta shiga bin tsofaffi gida gida tana tambaya. Haka ta iso gidan Saude wata hantsi, ta yi sallama, ta durƙusa ta gaishe ta kamar 'yar da aka yi wa tarbiyya. Tana cikin shan ruwa idonta ya faɗa kan wani mulmulallen dutse, girman ƙaramar kabewa, da Hussaina ke farfasa tsingaro da shi kafin a zuba a turmi. Ta ajiye moɗa, ta ɗauki dutsen da hannu biyu tana jujjuyawa, ta tambayi inda aka samo shi.

«Gadon uwam mijina na,» in ji Saude. «Nan nis same shi.»

Ba ta yi ƙarya ba, ba ta kuma faɗi gaskiyar duka ba. Malama ta yi bayani cewa irin wannan dutse sassaƙa shi ake yi, shi ake ɗura wa igwa a harba. Saude ta tambaye ta, kamar mai hira kawai, in an ga wurin me za a yi da shi. Malama ba ta ɓoye mata ba. Ta ce za a kewaye shi da waya a sa mai gadi, ko tsakuwa ɗaya ba mai sake ɗauka. Saude ta ce Allah ya ba da sa'a, ta raka ta ƙofar gida, ta dawo ta ce da Hussaina ta shigar da dutsen ƙarƙashin gado.

Lissafin a fili yake. In ta nuna tudun, tsingaro ya tafi, kuma randar Saude ta zama randar kowa. In ta yi shiru, baƙi za su gaji su koma, don ta ji cewa mako ɗaya ya rage musu. Ta zaɓi shiru, ba ta kuma ji wani nauyi a ranta ba.

Ranar Litinin ta bi motar da ke kai randunanta Gusau, ta ce bari ta biya unguwar Tudun Wada ta duba ƙanenta Dogo. Shekara huɗu ke nan da 'yan bindiga suka tashi ƙauyensu, Dogo ya kwaso iyali ya dawo birni yana gadin wani gida. Mutum ne da aka sani da riƙe abu a ka, wanda zai gaya maka ranar da aka haifi saniyar maƙwabcinsa. Ta same shi zaune a kan benci ya yi zuru. Ashe a makon nan ya hau babur da rana tsaka ya je ya leƙa ƙauyen, karo na farko tun fitowarsu.

Ya ce damina huɗu ta narkar da katangu, tafasa da ƙaya sun rufe ko'ina. Ya yi ta zagaye bai gane ƙofar gidan ubansu ba. Abin da ya fi ci masa rai, ya nemi inda suka binne mutanen da suka tsaya a bakin gari ranar da aka shigo, suka tare hanya har mata da yara suka samu suka fita ta baya. Da hannunsa aka yi haƙan, amma bai gane wurin ba. Ya fara lissafa mata su da yatsa: Umaru, Isah, Bello na Hafsi, Mubarak. Ya kama yatsa na biyar ya tsaya.

«Su biyar na, Yaya,» in ji shi. «Na biyar ɗin tare munka yi kiwo da shi. Ga huskatai ina gani. Tun shekaranjiya nika neman sunanai.»

Saude ma ta san mutumin, ta san uwarsa, amma ita ma sunan ya ƙi zuwa. Kunya ta kama ta, irin wadda ba ta taɓa ji ba. A mota tana komawa ba abin da take gani sai manyan randunan nan na tudu. Maza ne suka tara ruwa suka zauna a bakin maƙetara don waɗansu su yi barci a gida. Shekara huɗu ta isa a manta sunan mutum, su kuwa ɗari biyar. Abin da ya rage na shaidar cewa sun taɓa tsayawa a wurin, ita ce take kwasowa a kwando tana dakawa a turmi.

Da ta gaya wa Hussaina abin da ta yanke, Hussaina ta ajiye rariyar da ke hannunta. Ta ce shekara biyar aka sa ta jira, ta haƙura, yanzu kuma rana ɗaya za a miƙa wa baƙi. Ta tuna mata amanar Inna Tambaya. Da ta ga ba ta motsa ba, sai ta kawo shawara mai ma'ana: su yi kwana uku suna jigila, su cika buhu goma su ɓoye, sannan a nuna. Ba wanda zai sani, kuma zai kai su shekaru.

«Jiya ban san ko mi nika daka ba,» in ji Saude. «Yau na sani. Ko guda ba mu ƙara ɗauka.»

Washegari ta yafa mayafi ta tafi gabashin gulbi, ta tarar da su a rami na goma sha biyu. Ta tsaya a baki ta leƙa, ta tambayi Malam Khalid ko rijiya suke haƙa wa gari. Shi bai ji daɗin tambayar ba. Da ta ce su kwashe kayansu su biyo ta yamma, sai ya ciro takarda ya fara yi mata bayanin gabas da yamma a hankali, yadda ake yi wa wanda ba ya ji sosai. Ta bar shi ya kai aya. Sannan ta tambaye shi ko takardar ta gaya masa cewa gulbi ya yi rantsuwa ba zai taɓa sake hanya ba. Malama Hauwa'u ta dube ta, ta dubi gulbi, ta ce a naɗe igiyoyi.

Saude ce a gaba, tsohuwa mai shekara sittin da biyar, masu digiri na bin ta a baya suna cire ƙaya daga wando. Ta fara kai su kwarin yumɓu, ta sa Malama ta damƙi ƙasar ta murza, ta nuna mata yadda kwarin ya lanƙwasa. Daga nan ta hau da su tudu. Ta nuna musu inda tsingaron randuna ya fi yawa, ta ce nan ne ma'ajiyar ruwa. Ta nuna inda ƙasa ta yi ja ta ƙone, ta ce nan aka yi girki, kuma girkin maza ne, don ba mace da za ta kafa murhu a bakin iska haka. Ta ce kada su ɓata ƙarfinsu a tsakiya, su haƙa gefen da ke kallon kwarin.

Kwana biyu da fara haƙa suka ci karo da gindin katanga, faɗinta ya kai mutum biyu su kwanta kai da ƙafa. Suka bi ta, sai ga wasu ƙofofi ƙanana a jere, kowace na kallon tsohuwar hanyar ruwa. A bayan ɗaya suka tarar da tarin mulmulallun duwatsu, da wani dogon ƙarfe da tsatsa ta cinye. Malam Khalid ya ce igwa ce, wani da aka kira daga baya ya ce sai an auna tukuna. Har yau suna wannan gardama, kuma ba da Saude suke yi ba. Ita dai ta aika Hussaina ta ciro dutsen nan daga ƙarƙashin gado, ta kai da kanta ta ɗora a kan 'yan'uwansa.

Kafin damina aka kewaye tudun da waya, aka kafa allo, aka ɗauki mai gadi. Mutanen da suka yi shekaru suna kewaye wurin don tsoron iskoki suka riƙa kawo baƙinsu kallo. Sauran magina kuwa suka gane abin da ke cikin kwandon itacen Saude duk shekarun nan. Wasu suka yi dariya, wasu suka ce ai ga shi yanzu an zama ɗaya. Malama Hauwa'u ta zo har gida ta yi godiya, ta ce ta sa sunanta a rahoto. Saude ta ce madalla, ta tambaye ta ko an samu sunan ko mutum ɗaya daga cikin masu tsaron. Malama ta ce babu, amma yanzu an san sun tsaya, an kuma san inda suka tsaya.

Ɗan tsingaron da ya rage a gida ya ƙare a gashi biyu. Na uku Saude ta yi shi da irin na kowa, fasassun tukwanen unguwa. Ta gina randa goma sha biyu, suka sha iska, aka jera su aka lulluɓe da kara da kashin shanu, aka sa wuta da la'asar. Magini da kunne yake gane gashinsa. Tana zaune a kan kujera 'yar tsuguno ta ji ƙarar farko daga cikin wuta, ƙas, sannan ta biyu. Ba ta tashi ba, ta dai ci gaba da ƙirgawa a ranta. Da safe aka yaye toka, tara sun tsage. Ukun da suka tsira ta ƙwanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya, ta ce ba za su fita da sunanta ba.

Hussaina ta zauna a bakin toka tana hawaye. Ta ce wayar nan akwai inda ta yi sako-sako ta bayan tudu, kuma mai gadin ɗan ƙanen babanta ne, ba zai ce komai ba. Kwando ɗaya kawai. Saude ba ta yi mata faɗa ba, don ta san zafin, ita ma ta taɓa kuka a kan tsagaggiyar randa. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, ba ta kuma ɓoye ba. Amma ta ce a'a.

Ta tashi ta shiga ɗakinta. A kusurwa akwai randar da take sha, ta ƙarshe da Inna Tambaya ta gina kafin hannunta ya daina, shekara talatin da bakwai tana wurin ba ta taɓa tsagewa ba. Rabin jikinta tsingaron tudu ne. Saude ta kwashe ruwan a bokiti, ta kira Hussaina suka mirgino ta tsakar gida. Hussaina ta gane abin da za a yi, ta riƙe bakin randar, ta tambaya in wannan ta ƙare kuma sai yaya.

«Shekara arba'in ina cika garuruwan ga da randuna,» in ji Saude. «Dut wadda tah hwashe, tudun na cikinta. A hwaɗa ma mutane su kawo, mu ba su sabuwa. Mu hwara da tamu.»

Ta ɗauki taɓarya. Ta ɗaga ta sauke ba ta buga ba, ta sake ɗagawa ta sake saukewa. Ta tsaya tana kallon randar, idonta ya cika. Sannan ta ce da Hussaina ta janye hannunta, ta yi bisimilla, ta buga.